Ɗari Biyar Ɗina

Na rufe rumfar albasa tun kafin la'asar,
na ce wa Ɗantani kar ya ba kowa bashi,
na hau danfo daga Mil Sha Biyu, ƙafa ɗaya a waje,
kwandasta na ihu a kunnena kamar ni na ci kuɗinsa,
duk don in ga Damisar Agege
ta sha kashi karo na bakwai a jere.

Damisa! Wa ya raɗa mana sunan nan?
Kyanwar Iya Basira mai buka ta fi mu farce.

Ga Jatau can a benci, gwiwa kamar kabewa,
tun azumi ake cewa saura sati biyu.
Kunle mai tsaron gida ya karye a yatsa,
ya naɗe da tsumma ya shiga raga,
in ƙwallo ta zo sai ya kauce mata
kamar ya hango mai bin sa bashi.
Barau, da iska kan bi bayansa tana haki,
cinya ta tsinke masa a filin nan
da rabinsa yashi, rabinsa kwatami.
Likitanmu kwalbar man zafi ce guda,
da ruwan leda biyu, da "sannu, tashi, kai namiji ne."

Alhaji Nomau yana ƙarƙashin laima,
waya biyu a hannu, baya ga fili.
Kowace Juma'a yaronsa na zagaya kasuwa da littafi,
ɗari biyar, ɗari biyar, daga mai tumatir har mai dako.
Shekara huɗu ban taɓa cewa gobe ba.

Ya sayar da Ifeanyi ga wasu a Kwatano,
ya ce kuɗin na ciyawa ne, za a shuka a fili.
Ciyawar ta tsiro, na gan ta da idona:
taya huɗu, baƙin gilashi,
tana fake a ƙofar gidansa a Ikeja.

Koci uku muka kora kafin damina.
Na huɗun abokin cinikinsa ne, mai shagon tayil,
iyakar saninsa da ƙwallo gidan kallo.
Ya ɗauki mai cin ƙwallo ya ajiye a baya,
ya tura mai ɗingishi gaba,
yana ta zane a takarda, ruwa na wanke zanen.

Huɗu da nema. Sama ta ɓalle.
Masu gyaɗa sun tattara, 'yan ganga sun gudu.
Na rantse a raina, har na tofa yawu,
cewa ƙafata ta yi sallama da nan.

Sai wani yaro, ban ma san sunansa ba,
takalmin aro, ya cusa jarida a ciki,
ya yanke mutum biyu a cikin taɓo
ya ɗirka ta a kusurwa.
Wa ya yi wannan ihu? Ni ne.
Hulata ta faɗa kwata, na bar ta ta tafi Apapa.

A bakin ƙofa na tarar da Jatau,
ya jingina da katanga yana ƙirga silalla,
kuɗin mota ba su kai Ketu ba.
Motar Alhaji ta wuce mu, ta feso mana ruwa.
Na laluba aljihu na ciro ta Juma'a,
jiƙaƙƙiya, tana warin albasa,
na danƙa masa, na ce ya sa a duba gwiwar nan.
Ya yi dariya, don shi da ni mun san abin da za ta saya.

Jibi yaron littafi zai zo rumfata.
Zan ce masa na biya, ya je ya tambayi benci.
In ya juya zai tafi,
zan kira shi, murya ƙasa-ƙasa,
in ji da wa za mu kara ran Lahadi.